Yadda ake haɗa firinta da hosfot saƙon imel ya riƙa fitowa a takarda ba tare da kwamfuta ba

Akwai mutane da yawa, musamman dattawa, da wayar shafawa bata karɓe su ba sam, wani idonsa ne yayi rauni, wani hannu ke rawa, wani kuma kawai bai saba ba kuma baya son a takura masa da koyo, amma ka miƙa masa takarda zai karanta ta tsaf har ya ajiye ya sake dubawa gobe. Toh irin waɗannan mutanen ana iya tura musu saƙo da hotuna ta imel su fito a takarda kai tsaye cikin ɗakinsu, ba kwamfuta, ba intanet ɗin gida, ba abun da zasu danna. Abun da ake buƙata firinta ce mai karɓar imel, da hosfot, wato waya ko na'urar da ke raba datar sim ta waifai, da layi mai data, sai kai da zaka zauna ka saita komai sau ɗaya. Tun yanzu bara in faɗa maka inda aikin yake, firintar ba ita bace matsala, riƙe haɗin intanet ɗin dare da rana ba tare da wani ya taɓa komai ba shine wahalar, dan haka a nan zanfi daɗewa.

Ka fara gane yadda abun yake tafiya dan in ya lalace kasan inda zaka duba. Kamfanin da yayi firintar yana bata adireshin imel nata na kanta. In ka tura saƙo zuwa adireshin, ba wurin firintar yake zuwa kai tsaye ba, sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsu da ke intanet, yake fara sauka, can ake juya shi zuwa abun da firintar zata iya bugawa, sannan a turo mata. Ita kuma firintar kullum tana riƙe da sabar ta intanet tana jiran aiki. Da yake firintar ce ke neman sabar daga ciki, ba sabar ke nemanta ba, shi yasa hosfot na waya ko ƙaramar na'urar maifai, wadda ake sa wa sim ta raba waifai, ya wadatar, ba sai anyi wani saiti mai wahala a wajen kamfanin layi ba. Amma fa duk lokacin da wannan haɗin ya yanke, saƙo zai tsaya a sabar yana jira, kuma jiran yana da iyaka.

Mataki na farko, zaɓen firinta

Kar ka sayi firinta dan kawai an rubuta tana da waifai a kwalinta, waifai daban karɓar imel daban. Sabis biyu ne aka fi sani. Na HP sunansa ePrint, ya fito tun 2010, adireshin yana ƙarewa da @hpeprint.com. Na Epson kuma Email Print ne a ƙarƙashin Epson Connect, adireshin yana ƙarewa da @print.epsonconnect.com. Abun lura game da HP, firintocin da suka fito daga ƙarshen 2020 zuwa yanzu yawanci an cire musu ePrint an koma bugawa ta manhajar HP Smart, wadda ba imel bace, kenan sabuwar HP dal a kwali zata iya kasa wannan aikin alhali wata tsohuwa ta 2017 zata iya yi. Dan haka ka ɗauki lambar samfurin firintar ka shiga shafin kamfanin ka tabbatar da idonka tana cikin masu karɓar imel kafin ka biya kuɗi. In kuma kaci karo da tsohon bayani a intanet yana cewa kayi amfani da Google Cloud Print ka wuce shi kawai, Google ya rufe wannan sabis ɗin a ƙarshen Disambar 2020.

Inda hali ka nemi mai ɗan sikirin a gaba, ko da ƙarami ne, saboda da shi zaka zaɓi sunan hosfot ka rubuta kalmar sirri a jikin firintar ba tare da wata manhaja ba. Marasa sikirin ma sunayi amma saitin yafi ɗaukar lokaci.

Sai maganar tawada. Mai tawadar ruwa tana fidda hoto mai kala da kyau kuma bata cin wuta sosai, amma in ta daɗe ba a buga komai ba tawadar tana bushewa ta toshe bakin da take fitowa. Mai leza kuwa garin tawada take amfani dashi baya bushewa ko ta wata nawa a ajiye, sai dai masu araha baƙi da fari kawai suke bugawa kuma lokacin bugu tana jan wuta mai yawa, ɗaruruwan wat, wanda ƙaramin batirin ajiyar wuta bazai ɗauka ba. A ganina in dattijo ake haɗawa kuma hotunan jikoki za'a riƙa turowa, mai tankin tawada irin EcoTank na Epson tafi dacewa, cikawa ɗaya tana buga dubban shafuka, ba ruwan mutum da canza katirij duk bayan ɗan lokaci, kuma tunda saƙo zai riƙa zuwa akai akai maganar bushewa bata taso ba.

Mataki na biyu, hosfot, nan ne ainihin aikin

Kana da zaɓi uku, tsohuwar waya da ka ajiye, ko maifai mai batir, ko rauta mai cin sim wadda ake jonawa a bango bata da batir. Waya zata yi in ita ce a hannu, amma ka sani ba'a ƙera ta dan ta zauna tana raba intanet wata da watanni ba, tana zafi, tana sabunta kanta ta mutu ta tashi, kuma in ta tashi hosfot baya kunnuwa da kansa a yawancin wayoyi, wani lokacin ma tana tsayawa tana jiran a sa mata lambar buɗewa. Kaga kenan an dawo wurin da ake gudu, sai dattijon ya ɗauki waya ya shiga saiti. Maifai tafi waya nesa ba kusa ba tunda aikinta kenan, sai dai batirin da ya zauna a caji kullum yana iya kumbura, ka riƙa duba shi, in kaga murfin baya ya fara tasowa ka cire shi nan take ka canza. Rauta mai sim ita nafi so wa wannan aikin, in wuta ta ɗauke ta dawo tana tashi da kanta ta kama sabis ta cigaba, ba wanda zai danna mata komai.

Ko wanne ka zaɓa akwai abubuwa huɗu da dole ka gyara, kuma mafi yawan masu cewa firinta taƙi ganin hosfot a nan suke faɗuwa.

Na ɗaya, zangon waifai. Akwai 2.4 GHz akwai 5 GHz, firintoci da dama musamman masu sauƙin kuɗi 2.4 kawai suke gani, in hosfot ɗinka yana kan 5 ko sunansa bazai bayyana ba. A Android ka shiga saitin hosfot ka nemo wurin da aka rubuta "AP band" ko "Band" ka maida shi 2.4. A iPhone 12 zuwa sama akwai madannin "Maximize Compatibility" a shafin "Personal Hotspot", kunna shi shine ke maida shi 2.4. Ita 2.4 ɗin ma tafi ratsa bango da nisa, saurin da 5 ke dashi firinta bata buƙatarsa.

Na biyu, tsaro. Ka zaɓi WPA2, kar ka barshi a WPA3 zalla dan tsofaffin firintoci basu san shi ba, zasu ga sunan amma suyi ta cewa kalmar sirri ba daidai bace alhali daidai ka rubuta. Kar kuma ka barshi a buɗe ba kalmar sirri, maƙwabta zasu shanye datar.

Na uku, suna da kalmar sirri. Ka sa suna gajere da haruffa da lambobi kawai, ba tazara ba wata alama. Wannan yafi shafar iPhone tunda sunan wayar shine sunan hosfot ɗin kuma sau da yawa akwai ɗan waƙafin sama a ciki wanda ke rikita wasu firintocin, sai ka canza sunan wayar a "General" sannan "About". Kalmar sirri kuma harafi 8 ne mafi ƙaranci, kayi ta yadda zaka iya rubutawa a ɗan ƙaramin sikirin ba tare da ka gaji ba, ka guji sifiri da harafin O ko 1 da ƙaramin L masu kama da juna.

Na huɗu kuma shine ke kashe aikin a ɓoye, hosfot ya riƙa kashe kansa. Wayoyin Android suna da saiti da ke kashe hosfot in ba na'urar da ke jone na wasu mintuna, ana rubuta shi kamar "Turn off hotspot automatically", wasu kuma "Timeout", ka kashe shi ko ka zaɓi "Never". Dalili kuwa firinta tana shiga barci, wani lokacin ta saki waifai na ɗan lokaci, sai wayar taga ba kowa ta kashe hosfot, firinta ta farka ta rasa inda zata kama, shikenan saƙo ya daina fitowa kuma ba wanda ya sani sai bayan kwanaki. Maifai ma tana da irin wannan a saitin barci ko tanadin batir, ka shiga shafinta ta burauza, adireshin da kalmar shiga suna rubuce a jikinta ko ƙarƙashin batir, ka kashe barcin. iPhone kuwa gaskiya ban bada shawarar a barta a wannan aikin ba, in ba na'urar da ke jone tana ɓoye hosfot ɗin bayan ɗan lokaci kuma ba madannin da zai hana, sai an sake buɗe shafin da hannu. Dan gwaji na rana ɗaya tayi, dan zama na dindindin a'a.

Game da layi, ka zaɓi kamfanin da sabis ɗinsa yafi ƙarfi a ainihin ɗakin da firintar zata zauna, ba a gidanka ba, ba kuma a ƙofar gidan ba. Ka tabbatar tsarin datar ya yarda da raba intanet ta hosfot dan akwai tsare tsaren da basu yarda ba ko kuma na wasu manhajoji ne kawai. Ka cire lambar PIN ta sim ɗin, in ba haka ba duk sanda na'urar ta mutu ta tashi zata tsaya tana tambaya. Data ba mai yawa ake ci ba, saƙon rubutu zalla wasu 'yan kilobait ne, hoto ɗaya na waya kamar megabait 2 zuwa 5, ko da ace hoto goma ake turowa duk sati akan megabait 3 kaga wajen 120 kenan a wata. Abun da yafi cinyewa shine sabunta manhajar firinta da na wayar in waya kake amfani da ita, sai ka kashe sabuntawar kai tsaye a wayar. Matsalar data ba ƙarewa bace, wa'adi ne, dan haka ka sa ta riƙa sabunta kanta ko ka sayi mai dogon wa'adi, kuma kai ka riƙe ikon layin a wayarka yadda zaka iya dubawa ka sake saye daga nesa.

Mataki na uku, haɗa firinta da hosfot

Shawarata kayi duk wannan a gidanka cikin natsuwa kafin ka kai kayan, firinta suna da kalmar sirri kawai take riƙewa, ba ruwanta da wurin da take, in ka haɗa su a nan can ma zasu gane juna da zaran an jona wuta.

Ka kunna hosfot ka ajiye shi kusa da firintar. A sikirin ɗinta ka shiga saitin waifai, a HP "Wireless Setup Wizard" ne, a Epson "Wi-Fi Setup Wizard", zata lissafo sunayen da take gani, ka zaɓi naka ka rubuta kalmar sirri kana lura da manya da ƙananan haruffa. In ta kama, 'yar fitilar waifai zata daina ƙiftawa ta tsaya cak, a HP shuɗiya ce. Kar ka ɓata lokaci akan madannin WPS, hosfot na waya yawanci bashi dashi. Kar kuma ka rikita wannan da "Wi-Fi Direct", shi wancan waya ce ke haɗuwa da firinta kai tsaye ba intanet a ciki, imel bazai taɓa zuwa ta nan ba.

In firintar bata da sikirin sai ka bi ta manhaja, HP Smart ko Epson Smart Panel, kuma a nan kana buƙatar waya ta biyu. Wayar da take bada hosfot ba ita zaka yi saitin da ita ba, saboda manhajar tana son ta ga wayar tana jone da waifai ɗin da zata miƙa wa firintar, ita kuma mai bada hosfot ba jone take ba, ita ce tushen. Toh sai ka jona waya ta biyu da hosfot ɗin, ka kunna mata bulutut da "Location", ka buɗe manhajar ka bi abun da take cewa.

Mataki na huɗu, samo adireshin imel na firintar

A HP ka nemo "Web Services" a sikirin ka kunna, ka amince da sharuɗɗan, zata buga takarda ɗaya mai ɗauke da lambar firintar. Da wannan lambar zaka buɗe asusu a shafin HP Smart ka ƙara firintar, kayi a ranar dan lambar tana da wa'adi, in ya wuce sai ka sake buga wata. A Epson ka shiga "Settings", ka nemo "Web Service Settings" sannan "Epson Connect Services" ka zaɓi rajista, ita ma zata buga takarda mai adireshin shafi da lambar da zaka ƙarasa rajistar da waya. In ba sikirin, ka buga takardar bayanin netwok ta firintar, a ciki akwai adireshin IP wasu lambobi ne huɗu da ɗigo a tsakani, ka rubuta su a burauzar wayar da ke jone da hosfot ɗin, shafin saitin firintar zai buɗe ka kunna daga can.

Asusun ka buɗe shi da imel ɗinka kai mai kula da abun, ba na dattijon ba, dan duk wani gyara daga baya ta nan zaka yi kana nesa. Adireshin da zasu baka da farko haruffa ne da lambobi a cakuɗe ba mai iya haddacewa, a cikin asusun zaka iya canza shi zuwa wanda yafi sauƙi, amma kar ka sa sunan mutum zalla wanda kowa zai iya cinka, ka ƙara lambobi. Ka kuma kiyaye, in aka kashe "Web Services" ko aka maida firintar saitin masana'anta adireshin yana iya tafiya, sai an sake rajista an raba wa mutane sabo, dan haka ka gaya wa duk mai zuwa taimako kar ya taɓa nan.

Mataki na biyar, rufe ƙofa

Wannan kar ka tsallake shi dan Allah. Yadda abun yake zuwa, duk wanda yasan adireshin zai iya bugawa, kuma duk saƙon banza da ya shigo tawada ce da takarda, balle ace saƙon 'yan damfara ne ya fito a takarda a hannun dattijo, wanda zai ɗauke shi da muhimmanci fiye da yadda zai ɗauki na waya. A asusun HP ka canza daga kowa zuwa waɗanda aka yarje wa kawai, "Allowed senders", a Epson "Approved Senders List" ne, ka zuba adireshin 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya. Wanda yake da imel biyu ka sa duka biyun, in ba haka ba ranar da ya turo ta ɗayan saƙon bazai fita ba yayi ta zaton an karanta. A nan kuma zaka kunna sanarwa yadda mai turowa zai samu amsa cewa an buga ko ba'a buga ba, ka zaɓi girman takarda ya dace da wadda ke cikin firintar, A4 ko Letter, dan saɓanin wannan kaɗai yana iya tsaida bugu firintar ta tsaya tana tambaya a sikirin.

Ka tuna kuma saƙon yana bi ta sabar kamfani sannan ya fito ya kwanta a tire inda duk mai shigowa ɗakin zai gani, bayanan banki da kalmomin sirri kar a turo su ta nan.

Mataki na shida, koya wa masu turowa

Su ma sai ka musu bayani in ba haka ba zasu riƙa turo abun da bazai fito ba. Adireshin firintar a saka shi a layin "To" shi kaɗai, kar a haɗa shi da mutum goma a saƙo ɗaya, kuma a rubuta wani abu a layin take kar a barshi fanko. HP yana karɓar haɗe haɗe har guda 10 amma duka kar su wuce megabait 10, Epson yana kaiwa megabait 20, kaga hoto huɗu manya sun isa su cika na HP, sai a rage girmansu lokacin turawa ko a raba saƙo biyu. PDF da JPG sune mafi tabbas, Word da Excel ma suna fita amma wani lokacin tsarin rubutun yana ɗan canzawa. Bidiyo da murya da fayil mai kalmar sirri basa fita, haka in Gmail ya maida babban fayil zuwa mahaɗin Google Drive, wanda yake yi in ya wuce megabait 25, mahaɗin kawai za'a buga, layi ɗaya mara amfani a takarda.

Sai girman rubutu, wanda mutane ke mantawa alhali dan shi akayi aikin. Rubutun imel yadda yake fitowa ƙanana ne ga mai raunin ido, a ɗaga shi zuwa 16 ko 18, baƙi akan fari, a sa kwanan wata da sunan mai turowa a sama da manyan haruffa. In amsa ake yi wa wani saƙo a goge tsohuwar hirar da ke ƙasa da dogon sa hannu mai tambari, in ba haka ba gaisuwar layi uku zata ci shafi biyar. Hoto kuma a rubuta waye a ciki da inda aka ɗauka, zaka ga mutum ya riƙe takardar kusa da fuska yana bin sunayen da yatsa ɗaya bayan ɗaya, wannan ɗan rubutun yana da daraja a wurinsa sosai.

In mutumin yana da tsohon adireshin Gmail da mutane suka sani, ana iya gwada sa shi ya riƙa tura saƙo zuwa firintar da kansa ta "Forwarding and POP/IMAP", sai ka buɗe shafin Gmail irin na kwamfuta a burauzar waya dan manhajar bata da wurin. Google zai aika saƙon tabbatarwa zuwa adireshin firintar, kenan a takarda zai fito, ka buɗe wa kowa ƙofa na ɗan lokaci har ya fito sannan ka rufe. Kayi amfani da "Filter" na Gmail mai tace saƙo yadda saƙon wasu zaɓaɓɓun mutane kawai zai wuce, kar ka tura akwatin gaba ɗaya, kuma ka gwada da saƙo na gaske kafin ka dogara dashi. Ni dai nafi son a bawa mutane adireshin firintar kai tsaye, duk ƙarin mataki ƙarin wurin lalacewa ne.

Mataki na bakwai, gwajin da yafi kowanne

Bugawa sau ɗaya ba gwaji bane. Ka tura saƙo ka ga ya fito, yawanci cikin minti ɗaya zuwa 'yan mintuna, sannan ka bar kayan su kwana ba ka taɓa su ba, da safe ka sake turawa ka gani ko firintar zata farka daga barci da kanta. Ka duba saitin wutarta, barci ba laifi, amma "Auto-Off" ko "Power Off Timer" a kashe shi, dan firintar da ta mutu gaba ɗaya imel baya tada ta. Daga nan ka zare wutar komai a bango kamar an ɗauke wuta, ka jira minti biyu ka mayar, ka tsaya ka kalla ba tare da ka danna komai ba. Rautar ta tashi? Firintar ta kunnu da kanta ko sai an danna madanni? Wasu suna da saitin kunna kai in wuta ta dawo, in akwai ka kunna, in babu toh ka manna ɗan tef mai kala akan madannin wuta, ya zama shine abu ɗaya tilo da mutumin zai koya. Hosfot yana ɗaukar lokaci kafin ya kama sabis, firinta na iya riga shi tashi, mai kyau zata cigaba da nema har ta samu, ka tabbatar taka tana haka.

Saƙon da aka turo firinta na kashe baya ɓacewa nan take, HP yana riƙe shi awa 24, Epson awa 72, in ya wuce haka sai an sake turowa. Wannan yasa nake ganin wanda yake wurin da wuta ke yawan yankewa Epson zata fi masa sauƙi.

In ka kai kayan ka ajiye hosfot ɗin kusa da taga inda sabis yafi, ba a rana ba, nesa da na'urar ɗumama abinci ta maikurowef dan tana damun zangon 2.4, kuma a ɗaki ɗaya da firintar in zai yiwu. Ka cika tiren takarda, ka jawo marikin da takarda ke sauka akai dan kar ta riƙa zubewa ƙasa mutum yana sunkuyawa, sauran takardun ka barsu a leda dan laima tana sa su manne firintar ta ja biyu biyu ta maƙale. A jikin bango ka manna takarda da manyan haruffa, sunan hosfot, kalmar sirri, lambar wayarka, da layi ɗaya cewa in abu ya tsaya a kashe duka biyun a fara kunna hosfot a jira minti uku sannan firinta.

Daga nesa zaka iya sa ido ta asusun, yana nuna ko firintar na kan layi da jerin ayyukan da aka buga ko suka maƙale. In kaga bata kan layi ka fara da data ko wa'adinta ya ƙare, sannan wuta, sannan hosfot. In tana kan layi amma aiki yaƙi fita toh takarda ce ta ƙare ko ta maƙale ko tawada. In mutum ɗaya ne kawai saƙonsa baya fita, ka duba jerin waɗanda aka yarje wa da girman abun da ya haɗo. Ka sa wa kanka tura shafi ɗaya mai kala duk sati ko ba labari, yana hana tawada bushewa kuma shine zai nuna maka da wuri in wani abu ya tsaya.

Hanyar nan ta zuwa ce kawai, amma in firintar mai sikana ce kuma tana da sikirin ana iya buɗe ta komawa. Epson yana da "Scan to Cloud", a asusun zaka sa adireshin imel ɗinka a matsayin inda za'a aika ka bashi suna mai sauƙi, mutum ya rubuta amsarsa da biro, ya kifa takardar akan gilashi, ya zaɓi sunanka ya danna, ta iso maka da rubutun hannunsa. Kar ka koya masa wannan a ranar farko, ka bari ya saba da ɗaukar takarda a tire tukun, bayan sati biyu ko uku ka nuna masa, ka rubuta matakan a jikin murfin sikanar da lamba 1, 2, 3 kusa da madannan da zai taɓa.